Ba daƙiƙai ba ne, allon ne ba sa gani

1/ Jiya da daddare aka cire wa 'yar ƙanwata tabarau daga fuska aka kulle shi a akwati. Shekararta 9. Wai zai kashe mata ido. Na kwana ban runtsa ba. Ku yi haƙuri jama'a, zaren nan zai yi tsawo, kuma yau ba zan yi wa kowa kara ba. 🧵

2/ Wanda ya cire baffanta ne. Mutumin kirki ne, ba na shakkar yana ƙaunarta. Hujjarsa ita ce wadda duk Bahaɗeje ya taɓa ji: "Gilas in ka fara shi ka shiga uku, ido ba ya ƙara komawa daidai." Ya ƙara da cewa ƙaramar yarinya da gilas ai iyayi ne kawai.

3/ Abin da ya sa raina ya ɓaci haka, uwar yarinyar ce. Ƙanwata doguwa ce tun tana ƙarama, don haka a firamare kullum bencin baya ake tura ta. Ba ta ganin allo. Sai ta riƙa leƙa littafin ta kusa da ita. Aka ce satar amsa take. Aka zane ta. Aka sa mata suna daƙiƙiya.

4/ Mu ma a gida mun taya. Ni da bakina na sha ce mata kanta ba ya ja. Tana gama aji uku na sakandare aka ce a bar asarar kuɗin littafi. Ba wanda ya taɓa tsayar da ita ya ce, ke, me kike gani a allon can? Ita kuma ta ɗauka kowa haka yake ganin duniya, dishi-dishi.

5/ Sai bayan ta yi aure ta haihu, ciwon kai ya kai ta asibiti a Kano, aka auna idon. Minti 20 bai cika ba aka gano matsalar. Aka yanka mata gilas. A watan azumin da ya biyo baya ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Yaya, na ga jinjirin wata."

6/ Ashe duk shekarun da muke tsayawa a tsakar gida ana nunawa ana cewa ga shi can, ga shi can, ita ma cewa take ta gani don kada a yi mata dariya. Ba ta taɓa ganinsa ba. Yanzu 'yarta ta gado idon, an gano da wuri, an ba ta maganin, mu kuma mun kulle maganin a akwati.

7/ To bari mu yi maganar da hujja. Da farko, mece ce matsalar? Haske yana shiga ido, gaban ido da ƙwayar da ke ciki su tattara shi ya sauka daidai kan tantanin da ke can bayan ido. In ya sauka daidai, ka ga abu tar. In ya kauce ko da kaɗan ne, sai hazo-hazo.

8/ Wani idonsa ya ɗan yi tsawo, hoton sai ya haɗu kafin ya isa bayan. Shi ne mai ganin kusa, nesa kuwa sai a hankali. Wani idon gajere ne, karatu na gajiyar da shi ya sa masa ciwon kai. Wani kuma gaban idon ne bai yi zagaye sosai ba, komai sai ya ɗan jirkice masa.

9/ Ba maita, ba sammu, ba hasken waya kaɗai ba. Awo ne bai zo daidai ba, kamar takalmin da ya yi maka kaɗan. Tabarau ba ya shiga cikin ido, ba ya taɓa jijiya. Aikinsa kawai ya lanƙwasa hasken kafin ya shiga, ya sauka inda ya kamata.

10/ Masu cewa kayan Nasara ne kuma, ku nemi sunan Ibn al-Haisam. Haifaffen Basra ne, a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir shekara dubu da suka wuce, inda ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido. An fara ƙera tabarau a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13. Ba yayin bana ba ne.

11/ Yanzu ga zargin Baffa: gilas na lalata ido. An gwada wannan maganar, ba a majalisar shayi ba. Yadda ake yi shi ne a samu mutane masu matsala iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan abin, a jinkirta wa waɗancan, bayan lokaci a auna duka.

12/ A yammacin ƙasar Sin an yi haka da yara sama da 3,000 a makarantun firamare kusan 250 na karkara. Can ma malamai da iyaye sun yi imani gilas na raunana idon yaro, kamar mu sak. Yaran da ke bukatar gilas, kashi 15 cikin 100 ne kawai suke da shi kafin gwajin.

13/ Sakamako ya fito a mujallar likitoci ta BMJ a 2014: yaran da aka ba gilas kyauta sun fi takwarorinsu cin jarrabawar lissafi a ƙarshen shekara. A 2015 aka fitar da ɗaya ɓangaren: an auna idonsu babu gilas, ba a ga wata lalacewa da gilas ya jawo ba. Ko kaɗan.

14/ Akwai kuma masu cewa to a ba yaro mai rauni-rauni, kada idon ya saba. Shi ma an gwada a Malesiya, an wallafa a 2002. Shekara biyu ana bin yara. Waɗanda aka rage wa ƙarfin gilas da gangan, matsalarsu ta fi saurin ƙaruwa a kan waɗanda aka ba cikakke.

15/ To daga ina camfin ya samo asali? Biri ya yi kama da mutum, na yarda. Wanda ya saba da hazo, ranar da ya ga duniya tar, in ya cire gilas sai ya ji kamar abin ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Da can bai san abin da yake rasawa ba ne, yanzu ya sani.

16/ Na biyu, yaro yana girma idonsa na ƙara tsawo, lambar gilas ɗinsa na iya hawa har ya kai wajen shekara 20, ya sa ko bai sa ba. Mu kuma sai mu ɗora wa gilas laifi. Kamar ka ce riga ce ta sa yaro tsawo tunda duk Sallah sai an ɗinka masa wadda ta fi ta bara.

17/ Haɗarin gaske yana wajen hanawa. In ƙaramin yaro yana da ido ɗaya mai gani dishi-dishi aka bar shi, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da wannan idon ta dogara da ɗayan. In ya wuce shekara 7 zuwa 8 a haka, gyaran yana wuya ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

18/ Kada wani ya ce ina zuzuta abin. Yaranmu ba su kai na Sin ko Koriya yawan rashin ganin nesa ba. Nazarin da ya tattara bincike-binciken Afirka a 2022 ya samu kusan yaro 5 cikin 100. To aji nawa muke da su masu ɗalibai ɗari? Ka lissafa biyar-biyar daga Auyo zuwa Birniwa.

19/ Wannan na yara ke nan. Na manya ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, don shi ba ya barin kowa. Daga wajen shekara 40 ƙwayar cikin ido takan fara tauri, ta daina lanƙwasuwa don ganin kusa. Shi ya sa za ka ga dattijo na miƙa hannu da waya can nesa yana ƙanƙance ido.

20/ Mu a nan sunansa tsufa, shi ke nan an rufe magana. Kawuna masunci ne, shekara da shekaru yana gyaran taru da hannunsa yana ɗaura ƙugiyoyin mamari. Ya kai ga sai ya biya yara su yi masa. Abin da ya fi ci masa rai, ya ajiye Alƙur'aninsa ya koma sauraro a waya.

21/ Tabarau na karatu mai lamba +2.00 na kai masa. A gabana ya zura zare a allura karo ɗaya, ya yi shiru, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe abin nan ne kawai?" Shekara shida ya yi yana biyan kuɗin aikin da ya fi kowa iyawa a unguwarsu.

22/ Ku duba garin nan da kyau. Tela. Mai ɗinkin hula. Matar da ke tsince tsakuwa a shinkafa. Mai saƙar tabarma da faifai. Mai gyaran waya. Dillalin kifi da ke tura kuɗi ta waya, lamba ɗaya ta kuskure masa kuɗin ya tafi. Duk aikin ido ne na kusa.

23/ Manomin rani a fadamun Auyo da Kirikasamma fa? Adadin maganin feshi da zai zuba a tanki an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalba. In ba ya gani sai ya kintata. Ya yi yawa ya ƙona shinkafa, ya yi kaɗan ciyawa ta cinye ta. Sannan a ce maganin ne jabu.

24/ Wannan ma an auna shi da sikeli. A jihar Assam ta Indiya, 2017, an ɗauki masu tsinkar ganyen shayi 751, 'yan shekara 40 zuwa sama, akasarinsu mata. Rabi aka ba su tabarau na kusa, rabi aka ce su jira. Kullum ana auna kilon da kowa ya tsinko.

25/ Masu tabarau sun ƙara sama da kilo 5 a rana, wato kusan kashi 22 cikin 100. 'Yan sama da shekara 50 kuwa ƙarin ya kai kusan kashi 32. An wallafa a Lancet Global Health a 2018. Sunan gwajin PROSPER, ga mai son ya bincika da kansa.

26/ A Bangaladash aka sake wani, THRIVE, da mutum 824 a ƙauyuka: teloli, masaƙa, manoma, masu shago. Bayan wata takwas, kuɗin shigar masu tabarau a wata ya tashi daga kusan dala 35 zuwa 47. Kashi ɗaya cikin uku ke nan. An fitar da shi a 2024.

27/ Ku gaya mini, wane shirin tallafi ne aka taɓa kawo mana da ya ƙara wa talaka sulusin abin da yake samu, da kayan da ƙera shi bai wuce dala ɗaya ko biyu ba? Mun ga rabon baro, mun ga rabon akuya, mun ga taliya ranar zaɓe.

28/ Kuma ba sai mun tafi Indiya neman hujja ba. Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Najeriya, aka duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma Arewa ta fi Kudu.

29/ Kashi 84 cikin 100 na makantar nan abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Masu raunin gani matsakaici kuwa, kashi 57 matsalarsu rashin tabarau ce kawai. Cikin masu bukatarsa, waɗanda ke da wanda ya dace da su ba su kai 5 cikin 100 ba.

30/ Kusan shekara 20 ke nan da wannan binciken. Yaron da aka haifa lokacin yanzu ya isa aure. Don haka duk jami'in da zai ce maka ana jiran bayanai kafin a ɗauki mataki, ka ce masa bayanan sun tsufa a kan teburinsa.

31/ Yanzu na zo kan masu "aikin ido kyauta". Kun san tsarin. Shekara ta zagayo, a kafa rumfa, a manna hoton mai gida ya fi allon gwajin girma, a tara tsofaffi cikin rana tun asuba, a ɗauki bidiyo, kwana uku a naɗe tabarma. Sai kuma wata kakar siyasa.

32/ Ba na raina aikin yanar ido. Ita ce kan gaba wajen makantar da mutanenmu, duk wanda ya biya aka cire wa tsohuwa yana, Allah Ya saka masa. Amma gilas ɗin da aka raba ranar in ya karye bayan wata biyu, ina za ta je? Yaron da ke aji ranar rabon, wa ya duba shi?

33/ Ido ba ya jiran biki. Masarautar nan ƙananan hukumomi takwas ce: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri, Kirikasamma. Mutumin Guri da damina, ruwa ya shanye hanya, kuɗin mota kaɗai ya ninka kuɗin gilas. Dole ya haƙura ya ce tsufa ne.

34/ Duniya ta riga ta yi gaba. A 2021 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, suka amince a ƙara yawan masu samun tabarau da ya dace da maki 40 cikin 100 kafin 2030. A 2024 hukumar ta ƙaddamar da shirin SPECS 2030 don wannan. Mun sa hannu, alƙawari ne.

35/ A 2023 Shugaba Tinubu ya amince da shirin samar wa 'yan Najeriya tabarau miliyan 5. To wakilanmu na jiha da na tarayya, aikinku ne ku tashi ku tambaya: nawa ne rabon Jigawa, nawa ya iso masarautar Haɗejiya, a wane asibiti yake? Ku zo mana da lamba.

36/ Ga abin da nake nema, ba mai tsada ba ne. Na ɗaya: duk yaron da zai shiga aji ɗaya na firamare da na sakandare a gwada ganinsa. Kwali ne mai harafin E yana fuskantar sama, ƙasa, dama, hagu. Yaro ya tsaya mita 6 ya nuna da hannu. Ko bai iya karatu ba zai yi.

37/ Malami zai koyi wannan a yini ɗaya. Wanda ya kasa a tura shi wurin ma'aikacin ido. Kuma a haɗa da makarantun allo da Islamiyya. Almajirin da ke manna fuska a allo yana shan bulala kan ya kasa biyawa, shi ma ɗan wani ne.

38/ Na biyu: kowane ƙaramin asibitin mazaɓa ya ajiye tabarau na karatu daga +1.00 zuwa +3.00, da ma'aikacin da aka koya wa gwadawa. Ko sayarwa za a yi a farashi mai sauƙi, a yi. Yadda ba a rasa maganin zazzaɓi, kada a rasa wannan.

39/ Na uku: a ɗauki ƙwararrun masu auna ido aiki a manyan asibitocinmu, a ba su kayan yanka gilas a nan, ba sai an aika Kano an jira mako biyu ba. Jami'ar Bayero tana yaye su. 'Ya'yanmu ne, a ba su dalilin dawowa gida.

40/ Na huɗu, ga malaman jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa: abin da aka yi da masu tsinkar shayi a Assam, ku yi shi da masu gyaran taru da masu ɗinkin hula a nan. Ku auna abin da suke samu kafin da bayan. Lambar da aka samo a gida ta fi shiga kunnen mai kasafin kuɗi.

41/ Gargaɗi, don kada a ce na ce. Gilas ɗin tire na kasuwa na manya ne, na ganin kusa kawai. Kada ka saya wa yaro. Yaro sai an auna shi, sau da yawa har da ɗiga masa magani kafin awon. Kuma kada ka ari na maƙwabci, lambar kowa daban.

42/ In ka haura 40, ko gilas ɗin kasuwa ya yi maka, je a duba idon ko sau ɗaya. Hawan jinin ido, gilakoma, ba ya ciwo ba ya ƙaiƙayi, daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ne na biyu wajen makanta a binciken can. Mai ciwon suga kuwa duk shekara.

43/ Iyayen birni masu kulle yara a ɗaki da waya, ku ma ga naku. A Guangzhou an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a waje kullum. Bayan shekara uku, kashi 30 ne suka kamu da rashin ganin nesa, a ɗaya ɓangaren kusan 40. Ku bar su su fita su sha hasken rana.

44/ Masu tsokana kuma, masu "ido huɗu", masu "malam boko", masu cewa budurwa mai gilas ta rage daraja: ku kuke sa yaro ya ɓoye shi a jaka da ya fita daga gida. Ku ji tsoron Allah. Ba wanda ke yi wa mai sanda dariya don ya dogara da ita.

45/ Malamai, na san ajin ya fi ƙarfinku, albashin ma ba ya kai wata. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka ɗaga bulala kan yaron da ke kwafar na wani, ko mai ƙanƙance ido, ko mai tasowa gaban allo, dawo da shi bencin gaba na mako ɗaya ka ga ko zai canza. Sannan ka kira uban.

46/ Ƙanwata yanzu shekararta 31. Ita ke riƙe da lissafin adashen unguwarsu, mata sama da 40, a ka take yi kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Wannan ce muka ce kanta ba ya ja. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Karatun dai bai dawo ba.

47/ Yau bayan la'asar zan je wurin Baffa, ni da Kawu. Ba faɗa zan yi ba, babba ne. Na dai lura shi ma in za a karanta masa saƙo a waya sai ya kira yaro. Na sayi tabarau na karatu guda uku masu lamba daban-daban, zan miƙa masa da Alƙur'ani in ce ya gwada.

48/ In ya ga wasulla tar, zan roƙe shi makullin akwatin. Litinin yarinyar tana da gwajin lissafi. Ku taya mu da addu'a. Kai kuma da ka karanta har nan, yau ka tsayar da yaran gidanku, ka rufe musu ido ɗaya-ɗaya, ka nuna kalandar bango daga nesa ka ce su karanta maka.